RA'AYINMU: Kafin Mu Ɗora Farantin Sola a Kan Rufi, Mu Zauna Mu Yi Lissafin Batir



A ranin da ya wuce mun kwana a wata ƙaramar ikkilisiya wadda daga inda kwalta ta ƙare sai an hau babur an yi tafiyar fiye da awa guda. Tun daga nesa muka hangi farantan sola guda biyu a kan rufin kwanon gidan mai bishara, muka ce a ranmu yau kam za mu duba littattafan ma'aji cikin haske. Amma da magariba ta yi, sai ga uwargidan mai bishara ta kawo tuwo, tocila maƙale a kafaɗarta. Da muka tambaya ina wuta, mai bishara ya yi dariya ya ce, “Baba, ai ta rasu, har mun yi zaman makoki.”

Ga yadda abin ya faru. Wani ɗan garin da Ubangiji ya buɗa masa a birni ne ya sayo kayan, ya zo da mai haɗawa. Aka yi addu'ar keɓewa, Zumuntar Mata suka yi waƙa, aka dafa shinkafa. Shekara guda da 'yan watanni wuta tana kaiwa asuba. Daga nan ta fara ɗaukewa da tsakar dare, sai ƙarfe goma, sai ƙarfe takwas, har ran da aka kunna ta ƙi. Farantan nan lafiyarsu ƙalau, rana kuwa ba ta fasa fitowa ba ko sau ɗaya. Batir ne ya mutu. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa batir yana da kwanakinsa, ba wanda ya ajiye ko kwabo domin sabo, ɗan garin kuma an ji kunyar a sake roƙonsa. Batirin yana nan a bakin ƙofa, yara suna zama a kansa suna cin gyaɗa.

Mun kawo wannan labari ne domin mun san ba su kaɗai ba ne. Duk wanda yake zagaya ikkilisiyoyinmu na karkara ya ga irin waɗannan farantai da suka zama ado. Kada kuma wani ya ɗauka muna hana mutane sayen sola. Muna goyon baya ƙwarai, har muna cewa ga yawancin gidajenmu na nesa babu wata hanya da ta fi ta a yanzu. Abin da muke so dattawa su riƙe shi ne, wanda ya sayi sola bai shirya ranar mutuwar batir ba, hasken shekara biyu kawai ya saya da kuɗin da ya isa na shekara ashirin.

Bari mu fara da masu cewa a yi haƙuri, wutar gwamnati tana nan zuwa. Iyayenmu sun yi wannan haƙuri. An kafa kamfanin NESCO a Filato tun 1929 domin ma'aikatun haƙar kuza, an buɗe madatsar Kainji a 1968, ta Shiroro a 1990. NEPA ta koma PHCN a 2005, a 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu a Kano, Jos, Yola da sauran wurare. Suna ya canja sau da yawa, amma a 2021 Bankin Duniya ya ce wajen mutum miliyan 85 a Nijeriya ba su da wutar lantarki ta layi. Mu mun san inda yawancin mutanen nan suke, gama cikinsu muke. Mun kuma san turakun da akan kafa ana gab da zaɓe, su tsaya shekaru babu waya, har gara ta cinye na katako. Kamfanin da ke neman riba ba zai ja waya kilomita talatin domin gidaje arba'in ba, balle ƙauyen da ba shi da kowa a majalisa.

Waɗanda ke kan layin ma ba su tsira ba. Daga Janairun 2021 Maiduguri ta yi watanni cikin duhu bayan da 'yan ta'adda suka rushe turakun babban layin da ke zuwa daga Damaturu. A Oktoban 2024 yawancin jihohin arewa sun yi fiye da mako guda babu wuta, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta, har da na Shiroro zuwa Kaduna. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, litar fetur da take ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Kananzir ma ya fi ƙarfin aci-balbal ɗin gwauruwa. Ba mu ma yi maganar iyalan da hayaƙin janareta ya kashe cikin barci ba.

A gefe guda, Allah ya ba ƙasarmu ta arewa rana mai ƙarfi, wadda masana ke ƙiyasta ta da awa biyar zuwa shida na cikakken haske kowace rana, fiye da abin da 'yan'uwanmu na bakin teku ke samu. Farashin farantan sola a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Faɗuwar darajar naira tun 2023 ta cinye wani ɓangare na wannan sauƙi, duk da haka abin da dā sai asibitin mishan ko gidan babban attajiri, yau manomi mai shiri yana iya mallakarsa. Ranar da take ƙona mana ƙeya a gona ita ce za ta haskaka wa 'ya'yanmu littafi da dare.

To, yaya abin yake aiki? Mu manoma ne, bari mu faɗe shi da harshen gona. Farantin sola shi ne gonar, yana girbe wuta muddin rana tana bugunsa. Batir shi ne rumbu, inda ake tara abin da aka girbe domin dare. Tsakaninsu akwai wata 'yar na'ura mai daidaita caji, ita ce mai tsaron ƙofar rumbu, tana hana a cusa fiye da kima, tana kuma hana a kwashe har ƙasa. In ana so a yi amfani da kayan da aka ƙera domin wutar layi, sai a ƙara inbata, wadda take juya wutar batir ta zama irin ta layi, ita ma tana cin nata rabo. Faranti mai kyau yakan yi shekara 20 zuwa 25. Batirin dalma mai ruwa, wanda shi ne yawancinmu muke iya saya, yakan yi shekara biyu zuwa huɗu in an kula da shi, in ba a kula ba ko shekara ba zai cika ba. Watau a rayuwar faranti ɗaya za a binne batir biyar ko fiye. Wannan ita ce maganar da mai sayarwa ba ya son ya daɗe a kanta.

Batirin dalma yana da wata ɗabi'a da ya kamata kowane maigida ya sani. Rumbu ne da ba a cin sa ya wuce rabi. In kana kwashe shi ƙarƙaf kowane dare, ko kuwa yana kwana yana wuni bai cika ba, wani farin gishiri yakan daskare a jikin dalmar da ke ciki, rumbun ya riƙa ƙanƙancewa har ya zama ba ya ɗaukar komai. Zafi ma abokin gābansa ne: an ƙera shi domin yanayi na wajen digiri 25, kuma duk ƙarin digiri goma a kan haka yakan rage kwanakinsa da kusan rabi. Ku tuna da zafin ɗakin kwano a watan Afrilu, sa'an nan ku tuna inda muka saba ajiye batir. Irin mai murfi kuma yana shan ruwa, sai an riƙa duba shi ana ƙara ruwan batir tatacce. Ruwan rijiya ko na famfo yana kashe shi. Batirin mota kuwa ba na wannan aiki ba ne ko kaɗan, an yi shi ne domin ya tayar da inji cikin daƙiƙa kaɗan, ba domin a tsotse shi dare guda ba.

Ubangijinmu, a cikin Luka sura 14, ya yi misali da mai niyyar gini wanda ya kamata ya fara zama ya ƙididdige abin da ginin zai ci, kada ya kafa tushe ya kāsa gamawa ya zama abin dariya. Bari mu zauna mu yi irin wannan lissafi, ba shi da wuya, ɗan aji shida ma zai iya. Kowane kayan wuta an rubuta a jikinsa wat nawa yake ci. Sai a ninka wat ɗin da yawan awoyin da zai yi a kunne. Ƙwan fitila huɗu masu wat 5, kowanne awa biyar, ya ba mu 100. Cajin waya huɗu, a ce 40. Rediyo, a ce 20. Ƙaramar fanka mai wat 20 ta yi awa bakwai, 140. Jimla 300 ke nan a kwana ɗaya. Batir mai bolt 12 da aka rubuta 100Ah a jikinsa yana ɗaukar 1,200, amma mun ce rabi kaɗai ake ci, watau 600. Saboda haka zai riƙe gidan nan dare biyu ko da hadari ya rufe rana. Faranti mai wat 100, in ya sami awa biyar na rana, aka cire abin da zafi da ƙura da wayoyi ke ci, zai kawo wajen 350. Ya isa, amma da kyar. Mai wat 150 ya fi kwanciyar rai, musamman a watan Agusta.

Yanzu ku ga inda ɓarnar take shigowa. Wuta ta zo, gida ya yi daɗi, sai aka sayo talabijin da akwatin tauraron ɗan'adam, su biyu wat 60, ana kallo awa huɗu. An ƙara 240 ke nan, jimla ta koma 540. Farantin da yake kawo 350 ba zai taɓa cika rumbun ba, kullum ana ɗiba fiye da abin da ake zubawa. Ran Asabar da yamma kuma wani ya ce bari ya goge rigar sujada. Dutsen guga yana cin wajen wat 1,000, minti talatin ya sha 500, kusan abincin gidan duka na kwana guda. Ba wanda ya yi mugunta a cikin wannan, rashin sani ne kawai. Amma batir bai san uzuri ba. Dutsen guga, da abin dafa ruwa, da murhun lantarki, ba su da wuri a ƙaramar sola. A bar wa gawayi aikinsa.

A nan muke so mu yi wa kanmu faɗa kaɗan. Mu mutane ne masu son ranar buɗewa. Mun iya tara kuɗi a rana ɗaya, a kira babban baƙo, a yanka kirtani, a ɗauki hoto. Abin da ba mu iya ba shi ne naira kaɗan kaɗan kowane wata domin abin da bai lalace ba tukuna. Haka muka yi da famfon burtsatse, haka muka yi da injin niƙa na Zumuntar Mata, haka muka yi da babur ɗin fasto. Muna kiran wannan dogara ga Allah, amma sau da yawa sakaci ne muka sa masa rigar bangaskiya. Yusufu a Masar ya dogara ga Allah, ya kuma gina rumbuna tun ana cikin shekarun ƙoshi.

Shawararmu ga majalisun dattawa ita ce, kada a amince da sa sola a gidan fasto, ko ɗakin sujada, ko ƙaramin asibitin ikkilisiya, ko da kyauta aka kawo ta, sai an buɗe asusun batir a ranar. A tambayi kuɗin sabon batir irinsa, a raba shi gida 30, abin da ya fito shi ne za a riƙa ajiyewa kowane wata, a kuma sake duba farashin kowace shekara gama naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. Inda kuɗi ba ya zama a hannu, a karɓi hatsi lokacin baikon kaka a ajiye da sunan batir, ko a sayi 'yar akuya a ba wata uwa ta kiwata. Ma'aji ya rubuta shi dabam, kada ya shiga cikin kuɗin taron gunduma ko na tarbar baƙi. Maigida ma a gidansa haka zai yi. Kuɗin da dā yake kashewa a kan batiran tocila, da kananzir, da cajin waya ran kasuwa, kada ya ɗauka ya huta da su. Ya ci gaba da biya, amma a asusunsa.

Sa'an nan a sa mutum ɗaya, a kira sunansa a gaban jama'a, wanda kula da kayan ke wuyansa. Abin kowa ba na kowa ba ne. Muna da samari da 'yan mata da suka gama sakandare suna zaune, waɗansu har sun yi kwalejin koyon sana'a. Ikkilisiyoyi biyar ko shida za su iya haɗa hannu su tura ɗaya ya yi watanni wurin gwanin haɗa sola a gari, su saya masa mitar gwaji da 'yan kayan aiki. Ya dawo ya zama mai duba na yankin, ana biyansa ɗan abin sabulu. Aikin ba mai yawa ba ne, amma ba ya son mantuwa: a ga cewa faranti yana fuskantar kudu da ɗan jirkice domin ruwan sama ya wanke shi; kada inuwar reshe ko ta eriya ta faɗa ko a gefensa, gama inuwa a kusurwa ɗaya takan rage ƙarfin farantin fiye da yadda ido zai zata; da hunturu a goge ƙura da tsumma mai laushi da ruwa da sassafe, ba da tsintsiya ba, ba kuma da tsakar rana ba. Batir ya zauna a inuwa inda iska ke shiga, nesa da murhu, ba a ɗakin kwana ba, domin mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta sa'ad da yake caji. A sa fis kusa da batir, a kuma yi amfani da waya mai kauri. Siririyar waya takan yi zafi, wanda kuwa yake da rufin ciyawa ya san abin da muke nufi.

Kasuwa kuma sai an buɗe ido. Araha ba ta ado. Akwai farantan da akan manna musu takardar wat 300 alhali ba su kai rabin haka ba. Ga ma'auni mai sauƙi: faranti mai faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya, ko na zamani ne mai kyau, ba ya wuce wat 200 da 'yan kai. In ka ga ƙaramin faranti da babban lamba, ka san inda ƙaryar take. Batirin dalma na gaske mai 100Ah yana da nauyin wajen kilo 30. In yaro ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ka bar musu kayansu. Akwai kuma tsofaffin batura da akan wanke a sake musu fenti. A nemi rasit da garanti a rubuce, a sayi kaya a shagon da za a iya komawa a same shi, ba a bayan mota ran kasuwa ba. In kuma a cikin masu sayarwar akwai ɗan ikkilisiya, dattawa su tuna masa abin da Littafi ya koyar game da ma'aunin algus. Ba ma so mu ji an cuci gwauruwa da sunan ɗan'uwa.

Wanda yake da hali, batirin litiyam ya fi. Kuɗinsa ya fi yawa da farko, amma ana iya cin kashi 80 cikin 100 na abin da ya tara, ba ya neman ruwa, mai kyau kuma yakan kai shekara takwas zuwa goma. In an raba kuɗin bisa shekarun, sau da yawa shi ne mai araha. Sai dai shi ma yana da jabu, kuma shi ma zai mutu wata rana.

Ga yawancin gidajenmu ma, ba lalle ne a fara da babban kaya ba. Akwai ƙananan na'urori da suke zuwa a haɗe cikin kwali ɗaya: ɗan faranti, batirin litiyam a rufe, ƙwan fitila uku ko huɗu, wurin cajin waya, wani lokaci da rediyo. Kamfanoni irin su Sun King da d.light suna sayar da irinsu a ƙasar nan, akwai kuma wani tsarin gwajin inganci na ƙasashen duniya mai suna VeraSol wanda ake iya tambayar mai sayarwa ko kayansa sun bi ta ciki. Amfaninsu shi ne ba a iya maƙala musu dutsen guga, saboda haka jaraba ba ta da ƙofa. Uwa mai jego da fitila a ɗakinta, yaro mai shirin jarrabawa, tsoho da yake so ya karanta Zabura kafin ya kwanta, waɗannan ba su bukatar inbata. Gara ƙaramar fitila da take ci shekara biyar da babban kaya da ya zama kujerar yara.

Waɗansu daga cikin na'urorin nan ana ba da su bashi, a biya kaɗan da farko, saura a riƙa biya mako mako ko wata wata ta waya, in an yi jinkiri na'urar ta kulle kanta har sai an biya. Wannan tsari ya taimaki mutane da yawa, ba mu hana ba. Amma manomi ba ɗan albashi ba ne. Kuɗinsa yana zuwa da kaka, a watan Yuli da Agusta kuwa ko abinci sai an lallaba. Kafin wani ɗan ikkilisiya ya dangwala hannu, a sami mai karatu ya karanta masa takardar duka, a tara masa jimlar abin da zai biya har ƙarshe, a gwada da farashin saye hannu da hannu, a kuma tambaya me zai faru in ya yi wata biyu bai biya ba. Inda Zumuntar Mata suke da adashi mai ƙarfi, sau da yawa ya fi sauƙi su riƙa saya wa mace ɗaya kowane zagaye, da kuɗi a hannu. Matanmu sun daɗe suna sayen kwanuka da katifa ta wannan hanya, ba mu ga abin da zai hana fitila shiga layi ba.

Game da gwamnati, a Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin wani shiri mai suna DARES a ƙarƙashin Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, watau REA, da nufin kai wuta ga mutum miliyan 17.5 ta hanyar sola ta gida da ƙananan tashoshin sola na gari. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakarsu. Ya dace shugabannin gundumomi su rubuta, su kai sunayen ƙauyukanmu, tare da masu unguwanni da dagatai, gama wanda bai yi magana ba ba a san yana nan ba. Amma a sani, irin wannan tallafi yana bi ne ta hannun kamfanonin da suke kafa kayan. Duk wanda ya zo ƙauye yana karɓar kuɗin fom da sunan za a raba sola kyauta, a tambaye shi takardarsa, a kuma riƙe kuɗin a aljihu.

Akwai wata magana da ta fi duk waɗannan nauyi a zuciyarmu, ita ce ta mataccen batir. Abin da ke cikinsa dalma ce da ruwan asid. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, sa'ad da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Can daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, amma dalma ɗaya ce. Tana shiga jikin yaro ta ƙurar da yake wasa a ciki, wanda bai mutu ba tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har iyakar ransa, kuma babu alamar da uwa za ta gani da wuri. Saboda haka kada a fasa tsohon batir a gida, kada a zubar da ruwansa a tsakar gida ko kusa da rijiya, kada samari su narka dalmarsa domin yin harsashi ko nauyin taru. A mayar da shi a rufe ga mai sayar da batir, yawancinsu suna karɓa su rage kuɗin sabo. Kafin mu bar ikkilisiyar da muka ba da labarinta, mun roƙi mai bishara ya ɗauke nasa daga bakin ƙofa, ya kuwa yi.

Mun san a waɗansu yankunanmu akwai masu tsoron cewa haske da dare yana nuna wa mugaye gida, faranti a kan rufi kuma yana kiran ɓarawo. Ba za mu zauna a ofis mu ce tsoron nan banza ne ba. Dattawan kowane wuri su ne suka san ƙasarsu, su za su yanke ko a sa fitila a waje ko a bar ta cikin ɗaki, ko a ɗaure faranti da ƙarfe ko a riƙa shigar da ƙarami da yamma. Abin da muka sani shi ne, a daren tashin hankali ko daren naƙuda, waya mai caji takan zama bambanci tsakanin rai da mutuwa, kuma bai kamata a ce wayoyin ƙauye duka suna jiran ran kasuwa ba.

Wannan ya kawo mu ga maƙwabta. A wurare da yawa mu 'yan kaɗan ne a tsakiyar waɗanda ba sa sujada tare da mu. In gidan fasto ne kaɗai mai wuta a unguwa, za a zo neman caji, Musulmi da mai bin al'ada da Bafulatanin ruga. Kada a kore su, kada kuma a bar abin ba tsari har batir ya mutu kowa ya rasa. A sa lokacin caji da rana, daga hantsi zuwa la'asar, sa'ad da faranti yake kawo wuta kai tsaye ba a taɓa rumbu ba. A sa ɗan kuɗi kaɗan, iri ɗaya ga kowa, ɗan ikkilisiya da wanda ba ɗan ikkilisiya ba, a zuba a asusun batir, a kuma yafe wa wanda ba shi da shi ba tare da an tona masa asiri ba. Mun ga inda wannan ɗan abu ya sa mutanen da dā gaisuwa kawai ke haɗa su suka fara zama a inuwa ɗaya suna jiran wayoyinsu.

Muna roƙon magatakardan ikkilisiyoyi su karanta wannan shafi a zaman majalisar dattawa mai zuwa, su kuma aiko mana da amsar tambayoyi uku ta hannun shugabannin gundumominsu: gidaje nawa ne suke da sola a cikin ikkilisiyarku, nawa ne a cikinsu suka daina aiki, kuma akwai saurayi ko budurwa da kuke gani za a iya turawa koyon gyara? Inda akwai farantai masu rai da mataccen batir, kada a sayar da farantan. A rubuto mana adadin wat da ke jikinsu da irin kayan da ake so a kunna, za mu sa a yi muku lissafin batirin da ya dace da su, mu buga amsoshin a fitowa ta gaba.